Malam Edita, ba duk mai yi wa mafiyar Italiya aike bane dan kungiya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya kokari, ya jama'ar ofis. Allah ya kara basira.

Dan Allah a bani fili in dan yi gyara akan wata magana da nake yawan gani a jaridunmu har da taku, wato da zarar an kama wani yaronmu na Afirka a Turai da kullin hodar iblis kuma akace akwai dan Italiya a cikin harkar sai kawai a rubuta wai ya shiga mafiya, ko ya zama dan mafiyar Italiya. Abun yana ci mun rai sosai, saboda akwai samari a gida da suke karanta wannan suna dauka wata kofa ce a bude, ka iso Turai ka nuna kai jarumi ne a daukeka a baka mota da kudi da kariya. Wallahi ba haka abun yake ba ko kusa.

Ni na dan kwana biyu a kasar nan ta Italiya, ta Agadez da Sabha na biyo kamar yadda dubbai suka biyo, kuma sanyi biyu nayi ina tsinkar lemo a gonakin Rosarno can yankin Kalabiriya a kudancin kasar kafin Allah yasa in samu takarda in hau arewa aikin kamfani. Karfe biyar na asuba zaka ganmu tsaye bakin titi da takalmin roba, sanyi kamar zai cire maka yatsu, mota ta tsaya kapo, wato dillalin da yake daukar leburori, ya leko yace kai, kai, da kai, sauran su koma tanti. Kapon nan sau da yawa bakin mutum ne irinmu, samansa akwai mai gona, saman mai gona kuma akwai wasu sunayen dangi da ko 'yan garin in zasu ambata sai sun rage murya sun waiga. Wata rana muna cin burodi a gindin bishiya na tambayi wani dattijo dan garin da muke aiki tare, nace wai ta yaya mutum yake shiga cikin mutanen nan ne. Ya dade yana kallona kafin yace, ba shiga ake ba, haihuwar mutum ake a ciki. Daga nan bai kara cewa komai ba, nima na ja bakina. Tun ranar nake bibiyar labaran shari'o'insu a jaridu da talabijin na nan, kuma duk abinda na gani maganar dattijon nan yake gaskatawa.

Kungiyar Kalabiriya sunanta Ndrangheta, ita ce yanzu tafi kowace karfi a waje, kuma tubalinta gida ne. Kowane karamin reshe da suke kira ndrina sunan dangi yake dauka, uba da 'ya'ya da kawunnai da surukai, auren ma hadi ne tsakanin gida da gida don a kulle zumunci da sirri lokaci guda. Dan da aka haifa wa cikakken mamba tun yana zanin goyo ana masa kallon mai jiran gado, har suna da lakabin da suke masa, wai matashi mai daraja. In ya tasa aka ga yana da rike baki sai a rantsar dashi, su baftisma suke kiran abun, ya fara daga matakin kasa da ake cewa picciotto, sai camorrista, sai sgarrista, a haka har sama inda ake da santa da vangelo. Shiyasa samun mai tona asiri a cikinsu yake da wahala fiye da na mafiyar tsibirin Sisili, domin wanda zai tuba ya bada shaida ubansa zai daure da yayansa da mijin kanwarsa, mu kuwa mun san hannunka baya rubewa ka yanke ka yar.

To abinda mutane basu gane ba shine in suka fita waje basa canza wannan ka'idar. Ko a Jamus suke ko Kanada ko Ostireliya, tambayar farko ita ce dan gidan waye, daga wane kauye, wa ya tsaya masa. Fasfon da yake rike dashi ba ruwansu dashi.

Ku duba abinda ya faru a Duisburg ta Jamus ranar 15 ga Agusta 2007. Cikin dare aka bude wa mutum 6 wuta a kofar wani gidan abinci mai suna Da Bruno kusa da tashar jirgin kasa, duk suka mutu. 'Yan sandan Jamus suka rude, sai daga baya aka gane rikicin ba na Jamus bane sam, gaba ce ta gidaje biyu na wani dan kauye a tsaunin Kalabiriya mai suna San Luca wanda mutanensa basu kai dubu biyar ba, bangaren Nirta da Strangio da bangaren Pelle da Vottari, gabar da ta faro tun 1991 ta sake tashi bayan an kashe matar daya daga cikin manyansu ranar Kirsimeti ta 2006. Abinda ya tsaya mun a rai shine daya daga cikin mamatan, yaro ne da ya cika shekara 18 a wannan daren, da aka laluba aljihunsa sai aka samu dan karamin kati mai hoton Mala'ika Mika'ilu irin wanda Kiristocin Katolika suke rikewa, an kona wani bangarensa. Masu bincike suka ce alamar rantsarwa ce, wato a daren aka shigar dashi, a tsakiyar Jamus amma da al'adar kauye. Awa nawa yayi yana mamba? Allah sarki, uwarsa fa tana can.

Kuma ba kowa ne zai tashi a waje ya tara mutane yace ya bude reshe ba. Reshen gari da suke kira locale sai an amince dashi daga gida. Wannan ya fito fili a 2010 lokacin da aka yi babban kamen da ake kira Crimine da Infinito, aka kwashe mutum kusan 300 a watan Yuli. 'Yan sanda sun dasa na'urar daukar magana a wani shagon wanki da guga a garin Siderno na wani Giuseppe Commisso, sai ga baki daga Kanada da Ostireliya suna zuwa shagon suna kawo kara da neman izini akan mukamai da wa za'a daga wa za'a bari. Wanda aka samu yana rike da mukamin sama a lokacin kuwa wani tsoho ne dan shekara 80, Domenico Oppedisano, mutumin Rosarno din nan da nayi aiki, wanda aka saba gani da 'yar motarsa mai kafa uku yana saida kayan gona, an tabbatar masa da mukamin ne a taron da suke fakewa dashi duk watan Satumba a wurin ibadar Polsi cikin tsauni. Har gonarsa shugaban reshen Singen ta Jamus yazo kawo korafin cewa 'yan reshen Frauenfeld ta Suwizalan suna neman su hau kansu. Ka ji fa, rigimar Jamus da Suwizalan amma a gonar lemo ake sasantawa. Shi wannan reshe na Frauenfeld a 2014 aka saki bidiyon taronsu, magidanta zaune sun kewaye tebur a dakin wani kulob, mutanen da makwabtansu suka sani da direban mota da ma'aikacin kamfani, suna maimaita kalmomin bude taro irin na kakanninsu, kuma asalinsu yana komawa ne wani gari guda mai suna Fabrizia.

Wanda yace shi zai balle kuwa ya ga abinda ya samu Carmelo Novella. Shi ko kasar bai bari ba, a yankin Milan yake, yaso rassan arewa su tsaya da kafarsu ba sai sun jira Kalabiriya ba, watan Yuli 2008 aka harbeshi yana zaune a wata mashaya.

Na Amurka su tasu ka'idar ta dan bambanta don su Cosa Nostra ba lallai sai dan gida ba, amma jini yana nan dai. Asali sai wanda uwa da uba duk 'yan Italiya ne, daga baya da mutane suka yi karanci aka sassauta akace in uba dan Italiya ne ya wadatar, dan John Gotti, wani babban uban mafiyar New York, shi ma da aka rantsar a 1988 mahaifiyarsa tana da jinin Rasha. Amma irinsu Henry Hill wanda ubansa dan Ailan ne uwarsa 'yar Sisili, da Jimmy Burke, sun shekara da shekaru suna kawo wa gidan mafiya na Lucchese makudan kudi, basu taba zama mambobi ba kuma sun san baza su taba zama ba. Meyer Lansky da duk girmansa da kusancinsa da babban uban mafiya Lucky Luciano, Bayahude ne, a wajen kungiya ya kare. Su wadannan sunansu abokan harka, zaka ci dasu ka sha dasu amma in mamba ya mareka baka da ikon ramawa, shi kuwa ba mai taba shi sai da izinin manya.

Yadda ake rantsarwar a Amurka yawancin jama'a basu sani ba sai 1963 da wani mamba mai suna Joe Valachi ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bada labari, bindiga da wuka akan tebur, a huda yatsa jini ya fito, a kona takarda a tafin hannunka kana rantsuwa cewa haka zaka kone in ka tona asiri. Da yawa suka ce tatsuniya ce, lauyoyinsu ma suka dinga cewa babu wata aba wai ita mafiya, sai ranar 29 ga Oktoba 1989 jami'an hukumar bincike ta Amurka wato FBI suka nadi bikin gaba dayansa a wani gida a Medford kusa da Boston, mutum 4 aka shigar a gidan Patriarca, a cikin tambayoyin har da cewa in akace dan uwanka na jini yana kai tsegumi wurin hukuma zaka iya kashe shi, ko wanne yace eh. Kuma kafin a kai nan sai wani mamba ya gabatar dakai ya dauki nauyinka, a New York har zagayawa ake da sunayen ga sauran gidajen da ke cikin manyan gidajen mafiya biyar na birnin ko akwai mai korafi. Akwai lokacin ma da suka rufe daukar sabbi gaba daya, daga wajen 1957 har kusan shekara ashirin. Shi mai gabatarwar nan wuyansa ya bayar jingina. Wani jami'in FBI Joseph Pistone, dan asalin Italiya, ya shige cikin gidan Bonanno da sunan barawon gwala-gwalai daga 1976 zuwa 1981 har ana shirin rantsar dashi, da asiri ya tonu wanda ya jawoshi jiki Dominick Napolitano shi aka fara kashewa, da aka tsinci gawar an yanke hannayen.

Akwai labari daya da nake so duk saurayin da yake mafarkin wannan harka ya ji. Juan Ramon Fernandez haifaffen Sifen ne ya tashi a Kanada, na hannun daman Vito Rizzuto ne uban gidan Montreal, yayi masa aiki yayi zaman kurkuku bai bude baki ba. Da Kanada ta koreshi sai ya koma Bagheria kusa da Palermo, a can aka nadi muryarsa yana fada wa wani cewa ai Vito ya rantsar dashi, shi cikakken mamba ne, abinda a wurin mutanen Sisili baya shiga kai tunda shi ba dan Italiya bane. Watan Afrilu 2013 aka kirashi wata ganawa shi da abokinsa, aka harbesu aka kona gawarwakin a wani juji bayan gari. In mutumin da ya kai wannan matsayi, fari, mai jin yarensu, mai uban gida irin Rizzuto, karshensa kenan, to ina ga yaron da ya sauka daga kwale-kwale jiya.

Su na Sisili har rubutacciyar ka'ida an taba kamawa. Watan Nuwamba 2007 da aka cafke Salvatore Lo Piccolo kusa da Palermo an samu takarda a kayansa mai dokoki goma, a ciki akwai cewa duk wanda yake da dan uwa na kusa a aikin dan sanda baya shiga, haka wanda akwai cin amanar aure a gidansu, sannan dokar farko ita ce mamba baya gabatar da kansa ga wani mamba, dole sai mutum na uku da ya san su duka biyun ya hada su. Wannan dokar ita ke rike su a kasashen waje. Ba kati, ba rajista, ba lamba, shaidarka kawai wani ne da ya sanka ya san ubanka. Don haka duk wanda kaji yana bugun kirji a mashaya ko a TikTok wai shi dan mafiya ne to ka san ba shi bane. Camorra ta yankin Napoli ce kadai abun nata yake sako-sako, gungu-gungu ne na unguwa, yau a hade gobe a watse, amma ita ma manyan gidajenta dangi ne.

Sai kuma bangaren kotu, don yadda su suke tantance nasu daban, yadda alkali zai tabbatar daban, kuma nan ne 'yan jarida ya kamata ku fi lura. Italiya tana da doka tun 1982, sashe na 416-bis, wadda aka yi bayan an kashe dan majalisa Pio La Torre da Janar dalla Chiesa a shekarar, tace zama mamba kadai laifi ne ko ba'a kamaka da bindiga ba, matukar kungiyar tana amfani da tsoratarwa da sa mutane yin gum. Da ita Alkali Giovanni Falcone ya gurfanar da mutum 475 a babbar shari'ar Palermo ta 1986 bayan Tommaso Buscetta da aka kamo daga Brazil ya zayyana masa tsarin, kuma da ransa ya biya a 1992. Amma yawancin kasashen Turai basu da irin wannan doka sak, kuma su mutanen nan a waje basa harbi basa karbar kudin kariya a fili, gidan abinci suke budewa da kamfanin gini suna biyan haraji, to ta ina zaka nuna tsoratarwar? Har a kotunan Italiya an sha ja-in-ja akan wannan, na Frauenfeld din ma da aka gani a bidiyo akwai wadanda babbar kotu ta soke hukuncinsu daga baya. Kanada kuwa da suka fi shekara hamsin a yankin Toronto sai wajen 2018 zuwa 2019 a shari'ar wani Giuseppe Ursino kotu ta fara daure mutum da sunan Ndrangheta karara. Sannan kotunan Italiya sun ware wani laifi daban na mai taimako daga waje, lauya ko akawu ko dan siyasa da ba'a rantsar ba amma yana musu hidima, dashi aka daure tsohon sanata Marcello Dell'Utri shekara 7 a 2014. Kun ga ko alkalan da suka fi kowa sanin harkar basa hada mamba da mai taimako da dan aike a kwando daya.

Kuma in fadi gaskiya saboda Allah, akasarin 'yan Kalabiriya da Sisili da ke waje mutanen kirki ne masu neman halak, su ne ma suka fi kowa shan wahalar wadannan azzalumai, talauci da tsoro ne ya koro iyayensu kamar yadda ya koro mu. Wanda ya fara koya mun aikin inji a kamfani dan Kalabiriya ne, in azumi yazo shi yake karbar mun aiki mai nauyi da yamma, yace mun sunan garinsu kadai yana sa a ki bashi hayan gida a arewa. Mu da muka san zafin ace duk dan Najeriya dan damfara ne bai kamata mu yi wa wasu irin wannan kudin goro ba.

To ina matsayin bakar fata a wannan tsari? A kasa, can kasa. Kungiyoyin asiri na 'yan kudancin Najeriya irinsu Black Axe da Eiye suna nan kuma kotunan Italiya sun daure wasunsu da wannan doka ta 416-bis, amma kungiyarsu daban ce, a wuri irin kasuwar Ballaro ta Palermo da izinin masu unguwa suke motsi. Ranar 18 ga Satumba 2008 a Castel Volturno 'yan Camorra karkashin Giuseppe Setola suka bude wuta a kofar wani shagon dinki suka kashe 'yan Afirka 6, 'yan Ghana da Togo da Laberiya, bincike ya nuna ba ruwansu da wata harkar kwaya, an kashe su ne don a aika sako ga bakake gaba daya. Wani dan Ghana da yayi kamar ya mutu a cikin gawarwakin shi ya tsira ya bada shaida har aka yi wa Setola daurin rai da rai. A Rosarno kuma watan Janairu 2010 harbin ma'aikatan gona da aka yi ne ya tada tarzoma har aka kwashe bakake sama da dubu daga garin a motoci.

Akwai wani yaro da muka zauna tanti daya, bazan fadi sunansa ko garinsu ba don iyayensa suna raye, yaro mai ladabi mai sallah, shi yake dafa mana shinkafa in mun dawo a gajiye. Wani Bature ya fara bashi aike, kai wannan jakar tashar jirgi, karbo waccan, yana bashi abinda sai yayi sati a gona bai samu ba. Ya sayi waya sabuwa da jaket, ya fara cewa ai shi yanzu yana da manya a bayansa, ba mai taba shi. Na zaunar dashi nace kanina wannan shiga sharo ba shanu ne, ko sunan gaskiya na mutumin nan baka sani ba, yace yaya kai dai tsoro ne ya maka yawa. Ba'a rufa wata hudu ba aka kamashi a jirgin kasa. Dan gida in an kamashi lauya mai tsada yake samu, ana kai wa matarsa kudin cefane duk wata har ya fito. Shi ko lambar da yake kira a kashe ya sameta tun daren, lauyan gwamnati aka bashi, mu 'yan tanti muka yi karo-karo muka saya masa kayan sanyi da silifas muka aika. Mahaifiyarsa ta kirani tana kuka tana tambaya wai da gaske ne abinda ake fada a gari cewa danta ya zama dan mafiya, nace mata Inna wallahi ba haka bane, aikensa aka yi kuma aka yar dashi.

Shiyasa nake roko Malam Edita, in irin wannan labari ya sake zuwa teburinku a tambaya da wane laifi aka tuhumi mutum, safarar kwaya ce ko zama mamba, wace kungiya, wace kotu, sannan a rubuta dan aike inda yake dan aike. In da hali kuma ku tura wakilinku ya zanta da wadanda suka dawo daga gonakin Rosarno da Foggia, suna nan da yawa a Kano da Agadez da zangon Kumasi, su zasu baku labarin da ya fi nawa. Shi yaron saura shekara biyu ya fito, kuma an riga an gaya masa daga kofar kurkuku sai filin jirgi.

Nagode da wannan dama, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
daga Brescia, kasar Italiya